Ƙararrawa a Wuyan Akuya

Kusada, daren Laraba

Shekaranjiya wasiƙar Malam, maigidana, ta iso daga Faransa, inda gwamnati ta tura shi karatu. Yana wani ƙauye can bisa tsauni, samari duk sun gudu birni, sai tsofaffi. Ya ce ƙararrawa suke rataya wa shanunsu, ita yake saurare har barci ya ɗauke shi. Dusar ƙanƙara ta kusa rufe hanya, kada in sa ran wata wasiƙa sai ta narke.

Yau na aika Kankiya aka sayo mani ƙararrawa, na ɗaura wa akuyata. Inna, mahaifiyarsa, ta ce, "'Yar nan, lafiyarki kuwa?" Na ce don ɓarayi ne.

Tun ɗazu nake kasa kunne. Ja'irar ta kwanta, ko motsi ta ƙi yi.