Ƙunshin Kaka Waliyyullahi

Habbena, Njamena
12 ga Maris

Zuwa ga 'yata Saudat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Damagaram, Ya buɗe miki karatu, Ya haɗa ki da abokan zama na gari. Mu nan zafi ya kankama. Babanki Muntasir yana fama da rumfar namansa, matarsa Rakiya ta yaye Junaid ɗinta, ni kuma kullum ina lise, sakandaren da nake koyarwa, da ɗalibaina. Zancen kakarki Inna Hawwa yana tafe, ki yi haƙuri in kai gare shi a hankali.

Labarin ban tsoron da kika turo mini sau uku na karanta shi, don murna har na karanta wa 'yan ajina. Hausarki ta yi kyau, 'yata. Lokacin da yarinyar cikin labarin take share ɗaki tana kauce wa ƙunshin da ke rataye, duk ajin ya kasa kunne. Amma da aljaninki ya faɗo a shafi na biyu da jajayen idanu, sai suka bushe da dariya, wata ma ta ce da Larabci wai ya fi kama da mai kilando, wato ɗan acaɓa, da rana ta gasa. Kada ki ji haushi. Kin yi saurin nuna shi ne. Mai karatu ya fi ki sanin abin da yake tsoro, ki bar masa wuri ya zuba nasa. Kuma ki sa mu so yarinyar tukuna, mu san abincin da take ƙi da wanda take kewa, don ba a jin tsoro saboda wanda ba a damu da shi ba.

Kin tambaye ni abin da ke cikin ƙunshin gaskiya, na ɗakin Inna, don ki sa a ƙarshen labarin. Kin san mahaifinta, Kaka Waliyyullahi, ya taso daga Haɗeja a ƙasa da niyyar hajji, ciwo ya tsayar da shi a garin nan. Ya ɗaure kayansa ya ce ba za a kwance ba sai a Makka, kuma muddin suna ɗaure, gidanmu matafiya ne, hutawa kawai muke yi. Inna ta haura tamanin ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Ni da nake taƙama da boko, na ce a raina ai marubuci sai ya gani da idonsa. Ranar Juma'a da hantsi, tana tsakar gida tana shan shayi, na sauko da shi na kwance. Harami biyu ne da asu ya cinye, da ƙoƙo, da allura. Shi ke nan.

Ina durƙushe a kansu ta shigo. Na zaci za ta yi faɗa. Murmushi ta yi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, ta tambaye ni ashe mun iso Makka. Kin san dama tunaninta ya fara rawa tun bara. Kunya da tsoro suka rufe ni, Saudat, na amsa mata cewa mun iso. Da bakina na faɗa.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ta sa fararen kaya ta ƙi cirewa. Ta daina cin tuwo, wai baƙon Allah dabino da ruwa sun ishe shi, dabinon ma ɗaya take ci. Babanki, ɗan da ta haifa, mai masauki take kiran sa, tana yi masa godiya tana ba shi haƙuri wai mun cika masa gida. Kullum da safe tana zaune a bakin ƙofa da takalmanta a hannu, tana tambayar wanda zai raka ta ta ga Ɗakin Allah. Na faɗa mata gaskiya ya fi sau goma, na nuna mata masallacin unguwa da bishiyar da ta dasa da hannunta, sai ta ce in daina wasa a wuri mai tsarki. Na mayar da ƙunshin na ɗaure, ta duba ta ce wannan ba ƙullin babanta ba ne. Likita ya ce tsufa ne, ya ba da maganin ƙarin jini. Babanki bai ɗora mini laifi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Jiya da na yi mata wanka, ɗaukar ta na yi cak kamar yarinya.

Shekara ashirin ina koya wa yara yadda ake gina labari, ga shi ban san yadda zan fitar da uwata daga wanda na jefa ta ciki ba. Ba laifinki ba ne ko kaɗan, tambaya kika yi, ni na kai hannu. Ki ƙarasa labarinki, ki bar ƙunshin a ɗaure har shafin ƙarshe. Amma kada ki jira hutun damina. Ki nemi izini a jami'a ki taho a makon nan, ko Allah Zai sa muryarki ta dawo da ita Habbena. Ba na jin za ta kai wata.

Ki gaida kawunki Abdulƙadir da matarsa Khalida, ki ce a sa mu a addu'a. Babanki da Rakiya da ƙaninki Ummaru suna gaishe ki. Na so in rubuta miki cewa Inna ma tana gaishe ki. Na ambata mata sunanki ɗazu, ta ce Allah Ya kawo ki wata shekarar, ke ma ki sauke farali.

Wassalam. Gwaggonki,
Zaliha