Muryarka a Wayar Garanti

Zuwa ga yayana Abdulgani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Jado wurin haƙar zinariya, kai da abokan aikinka. Mu nan Gangara sai godiya. An gama yankan gero, ƙanwarmu Husaina ta yaye ɗanta, Inna kuwa idon nan nata yana nan yadda ka bar shi, sai dai kunne har yanzu ba a yi mata raɗa.

Maganar waya ce ta sa na ɗauki biro. Ka san wadda ka saya wa Inna a Agadas ta mutu tun damina ba ta yi nisa ba, na ba direba ya mayar wa mai kantin tunda ka ce akwai garanti. To, sun aiko da wata a madadinta, cikin kwali sabo fil har da leda. Ni dai tun ranar farko nake kallonta da mamaki. In an ɗan yi magana sai bayanta ya yi zafi kamar an ajiye ta gefen murhu, kusurwar gilashin ba ta jin yatsa, caji kuma ba ya kai la'asar. Ka san ni da bin diddigi. Na yi ta tambayar kaina yadda sabon abu zai zo da ciwon tsufa.

Duk wannan da sauƙi, damuwar ta Inna ce. Tunda aka sauya wayar, duk saƙon muryar da ka aiko sai ta kara a kunne, ta saurara, ta ajiye, ta ce wannan ba Abdulgani ba ne. Wai taka muryar cika ɗaki take, wannan kuwa siririya ce, tana tsinkewa a tsakiyar gaisuwa. Har ta tambaye ni ko wani abu ne ya same ka muke ɓoye mata, muka sa wani yana gaishe ta da sunanka. Abinci ma ta rage. Ni kuwa ina ta yi mata dariya, ina cewa wayar da ta kasa riƙe caji ina za ta iya riƙe muryar ƙato irinka.

Ranar kasuwar Tanut na kai ta wurin Manzo mai gyaran waya, don in samo abin da zan kwantar wa Inna da hankali. Ya buɗe ta a gabana, ina ta leƙe har ya ce in ja da baya kada in faɗa ciki. Ya nuna mini sawun gam da ƙusoshin da ba irinsu ɗaya ba. Ya ce ba sabuwa ba ce, wadda wani ya mayar ce aka yi wa kwaskwarima, gilashi daga wata, batir daga wata. Wai a irin wannan canjin wani kan dace, wani kuma ya samu irin tamu. Wallahi daɗi na ji, na ce yau na kama mai laifi. Sai na ce ya duba mini sifika. Ya kunna karatu, ya fito tas, ya ce a duk wayar sifikar kaɗai ce mai lafiya. Ban yarda ba, na tura saƙonka cikin tasa wayar muka saurara. Yaya, muryar dai ita ce, siririya kamar yadda Inna ta faɗa. Na ji inda kake tsayawa ka ja numfashi, na ji tarin da kake dannewa kafin ka ce a gaida Inna.

A motar dawowa na yi ta tuna tarin nan naka. Tsoro ne ya kama ni, don na ga yadda ƙurar ramin zinariya ta dawo mana da maƙwabcinmu Sabi'u bara. Shi ya sa na rubuto a takarda, tunda duk abin da ya shigo wayar sai Inna ta ji. Ka gaya mini gaskiya, tun yaushe ne? Ka ga likita kuwa? In ƙirji ne, don Allah ka bar ramin nan ka taho gida. Na ce wa Inna Manzo bai gama bincike ba, amma wannan maganar ba za ta riƙe ta da nisa ba.

Maigidana Ila yana gaishe ka, haka Husaina da Kawu Jika. Ka gaida mini Aminu ɗan baffa in kuna tare. Na tambayi Inna ko in sa gaisuwarta, ta ce a'a, tana ajiye da ita sai ranar da ta ji ɗanta.

Ƙanwarka,
Sakinatu