Robar Taya

Zuwa ga babbar 'yata,

Bayan sallama da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina gaida ƙanenki Auta, idan har yana amsa gaisuwata. Ki yi haƙuri da rubutun nan mai kama da sawun kaza. Kin san tun aji huɗu ni da boko muka raba gari, kuma babu wanda ya yi kewar wani.

Kin ce tunda kika ɗauke shi daga asibiti bai buɗe baki a kan maganar ba, in gaya miki abin da ya faru. To ga shi.

Ranar Talata da hantsi muna sauke siminti a sito, watansa uku ke nan da fara dako tare da ni, sai na gan shi durƙushe a bayan mota yana amai. Ya raɗa min cewa marainansa ne, ɓangaren hagu, kamar an matse da filaya. Ni kuwa na yi dariya, na ce barka da cin gado. Duk tsohon ɗan dako a sitonmu yana da gwaiwa, tawa ma ta girmi Auta. Maganinmu ɗaya ne: ka kwanta a kan buhu, ka jingina ƙafafu da bango har ta koma ciki, a ɗaure maka mara da robar taya, ka tashi ka ci gaba da aiki. Haka na yi masa da hannuna. Da ya ce ciwon ƙaruwa yake yi, na ce ta raggo ba ta saurin komawa.

Sai ranar Alhamis, da wurin ya kumbura ya yi duhu, muka je asibiti. Likitan bai kai ki shekaru ba, amma ya tsayar da ni a baranda kamar ɗan makarantar da ya makara. Ya ce ciwon maraina ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gwaiwa, akwai na ƙwayar cuta, akwai na bugu, amma wanda ya zo farat ɗaya da amai, da gudu ake kawo shi. Wai jijiyar da ƙwayar take rataye a jikinta ce ta murɗe, jini ya yanke. Da an zo cikin awa shida, da an warware ta. Ni na kai shi a awa hamsin. Sun cire ta hagu, sun ɗinke ta dama don kada ita ma ta juya. Ya ce ɗayar ta isa haihuwa in Allah ya so. Na ce ai ni ma da rabin karatu na haifi shida. Ko murmushi bai yi ba.

Ki ce masa ya dawo gida in ya warke. Na roƙi mai sito, zai ba shi tsaron ƙofa, ba ɗaukar kaya. Uwarku dai abinci take turo min da ƙafa.

Mahaifinki,
babban likitan roba.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya, ɗinkin Auta ya kame, yana cin abinci.

Na karanta masa wasiƙarka har ƙarshe. Akwai abin da ka tsallake. Ranar da muka baro asibiti, muna tsaye a tasha, wani direban sitonku ya leƙo daga mota ya ce, "Sauka lafiya, Guda!" Mutanen da ke tare da shi suka kwashe da dariya. Sai da muka iso gida Auta ya tambaye ni su wa suka san abin da aka yi masa. Mu huɗu ne, Baba: shi, ni, Inna, da kai.

Ka gaya min gaskiya, ba da wasa ba.

'Yarka mai biyayya.

*

'Yata,

Na amsa gaisuwarki. Ni ne.

Washegarin tiyatar na koma sito, abokan aiki suka zagaye ni suna tambayar jikin yaro. Sai na ji idona ya kawo ruwa. Shekara talatin ina wurin nan, buhu ya faɗo min a ƙafa, na binne yayanki, ba wanda ya taɓa ganin hawayena. Ni ne mai ba su dariya lokacin shan shayi. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce kada kowa ya damu, an rage wa Auta kaya ne, yanzu guda yake ɗauka. Suka yi dariya, hawayen suka koma. Abin da na saya da sirrin ɗana ke nan.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su bari. Ashe sunan tsokana kamar siminti yake, in ya sha ruwa ya bushe, sai dai guduma. Jiya na mari direban nan. Ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya zaunar a kan buhu, ya ce in huta, tsoho. Kin ji jarumin uba.

Ki ba Auta takardar nan ya karanta da kansa. Auta, ban iya magana ba sai ta wasa, kuma na nemi wasan da zan yi a nan ban samu ba. Ka dawo gida.

Mahaifinku.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ka gaida Inna.

Mijin Yaya ya samo min wurin koyon gyaran lantarki a nan, zan fara ranar Litinin. Ba wanda ya san ni.

Ciwon na yafe maka, ba ka sani ba. Sunan kuwa ka san abin da kake faɗa.

Ka turo min kayana da takalmina.

Ɗanka.