Abin da Ke Ƙarƙashin Dusar

Danau Kota, Kuala Lumpur
Lahadi, 12 ga Janairu

Yaya Zaid,

Assalamu alaikum. Ya hutu, ya sanyin Almaty? Umma da Abba suna gaishe ka. Ka san idan ka kira bakina rufewa yake yi, shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo.

Ka ce kada in gaya wa Umma cewa ranar Alhamis kai da abokinka Abdulbasit za ku bar hanyar masu wasan zamiya, ku zagaya bayan dutse inda ba kowa. Ban faɗa ba. Amma na duba a waya, na ga dusar ƙanƙara tana zaftarowa daga dutse ta binne mutum. Tun jiya abinci ba ya shiga. Don Allah ba haɗari?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Khaulah

Almaty, Litinin

Auta sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki lah, in ji mutanen garinku! Ke da kike cinye Hausa a firamare, me ake kiran abin? Dusa! Kwana uku tana zuba, na ɗeba a tafin hannu na hura, ta tashi sama. Kin taɓa jin dusa ta kashe mutum? Abdulbasit zuwansa na biyu ke nan, ya ce ba ma buƙatar ɗan jagora. Ki sauka kedai, shagon abincin nan, ki yi makan, ki ci ki ƙoshi, kada in dawo in tarar da tsinke.

Sai na zo,
Yayanki

Danau Kota, Talata

Yaya,

Barka da war haka. Ka yi haƙuri, ba musu nake yi da kai ba.

Ka tuna ɗakin dusar kakarmu Hajiya, can gida a Gwale? Ranar da buhuna suka zame suka danne tunkiyarta, sai da maza uku suka taru kafin aka zaro ta, kuma ba ta tashi ba. A tafin hannu ne dusa ba ta da nauyi. Hajiya ta ce laifin ledar da aka shimfiɗa a ƙasa ne, santsi gare ta.

Na karanta cewa ta dutse ma haka take. Idan sabuwa ta taru a kan tsohuwar da ba ta riƙe ta ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya zaftaro ta. Kai ta sama ka hura, Yaya. Me ke ƙarƙashinta? Akwai ma'aikatan ceto a wurin, don Allah ka tambaye su.

Allah ya tsare.
Khaulah

Almaty, Laraba

Khaulah,

Salamu alaikum. Na je don in samu abin tsokanarki. Da na tambayi wani dattijo cikin masu ceto, shebur ya ɗauka ya ce mu biyo shi. Ya haƙa rami har ƙirjina. Sama a dunƙule take, amma can ƙasa akwai wata shimfiɗa kamar sukari, na sa hannu ta wargaje. Ya yanka gefe, ya ɗora shebur a kai ya bubbuga da hannu. A bugu na huɗu duk ta saman ta sulale gaba ɗaya kamar katifa, ta faɗo kan ƙafafunmu.

Abdulbasit ya yi ta gunaguni, daga baya ya yarda. Mun fasa. Gobe muna hanyar kowa, tare da yara da tsofaffi.

Na gode, Auta. Maganar nan dai ta tsaya tsakaninmu.

Yayanki, Zaid

Danau Kota, Laraba da yamma

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na yi kuka, amma na daɗi.

Ka yafe mini, na gaya wa Umma tun da safe, kafin wasiƙarka ta zo. Yanzu na karanta mata, ta sa na maimaita wurin katifar sau biyu. Ta ce ka kira ta bayan magariba. Kada ka fara da wasa.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Khaulah