Hoton fasfon Lurwanu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Ina su Furera da mutanen Tabotaki? Ni lahiya lau nike nan Abijan.

Ga hoton da kike ta tambaya. Na fasfo ne, da salula na ɗauka na tura ta intanet, suka yi ta maido mini shi. Wai in tuɓe hula kamar mai laifi, wai bango sai fari. Ina farin bango a ɗakinmu? Zanen gadon wani na aro na rataya. Ramar da za ki gani, laifin fitila ne, kada ki nuna wa Baba.

Sun kuma hana murmushi. Wannan sharaɗin kaɗai ne bai ba ni wuya ba.

Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Lurwanu