Mabuɗin Shabaka a Hannun Baba Babba

Zuwa ga Yaya Nuraddeen, a Damazin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Damazin? Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Kada ka yi mamakin ganin takarda da tawadar allo. Baba Babba Abdulmuttalib ya karɓe wayata, ya hana ni shiga ɗakin lajna, wato kwamitin gari, inda ka kafa mana kwamfuta, shi ya sa na roƙi direban bas ɗin Managil ya kawo maka.

Na san labari ya riga ni isa. E, ni ne. Ka bar mini mabuɗin shabaka, intanet ɗin garinmu, don in riƙa haɗa wa mutane kira da 'yan uwansu na waje, sai na gano ashe har sunan shabakar yana iya canzawa. Ranar Juma'a duk wanda ya duba wayarsa a bakin masallaci ya ga an rubuta cewa Malam Gado yana minshari a sahun gaba. Yaya, ƙarya na yi? Sahu uku sun ji shi.

Dattawa sun zauna, sun ce daga yau mabuɗi yana hannun Baba Babba shi kaɗai. Mai son kira sai Baba Babba ya zo ya buɗe masa, ya zauna a kujera har a gama, ya rufe.

Ba don wayata na rubuto ba. Ka san Inna ba ta zama ɗaki ɗaya da Baba Babba, yayan mijinta, ko muryarta ba ta bari ya ji. Kuma Yaya Lubna 'yar farinta ce, a gaban mutane ko sunanta ba ta faɗa. A ɗakin nan kawai take sakin baki da ita, in na haɗa musu kira na fita na ja ƙofa. Yanzu cikin Lubna ya tsufa, tana Jidda ba uwa ba ƙanwa, Inna kuma tun ranar ba ta taka wajen ba. Ka zo ka gyara abin da ka haɗa.

Ƙaninka da ka sani,
Bilyaminu

Yaya Nuraddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta wa'azin da ke ciki har ƙarshe, Allah ya ba da lada.

Ka ce a can cikin zuciyar na'urar duk al'amarin shabaka mabuɗi ɗaya ne, wanda zai iya buɗe kira zai iya canza suna, ya kori wayar wani, ya kashe komai. Ka ce raba su aiki ne babba, gara in durƙusa wa Malam Gado a wuce wajen. Ba zan durƙusa ba. Kuma in na durƙusa aka mayar mini, gobe wani shaiɗanin ya sake motsa ni, sai a sake rufe wa Inna ƙofa?

Ni ban yi jami'a ba, amma na yi ban ruwa. Ƙofar dam ta Makwar tana hannun manya. Ƙofar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, tana hannun gafir mai gadinta. Bakin ramin da ke shiga hawasha, gonar mutum, kuwa manomi ne yake buɗewa da fartanyarsa, ba ya neman iznin kowa. Ba a taɓa ba manomi mabuɗin Makwar ba, ba a kuma taɓa cewa sai injiniya ya zo ya tsaya a kansa kafin ya shayar da audugarsa ba. Kai ka gina mana ruwa mai ƙofa ɗaya, ka ɗauki mabuɗin ka ba ni, ni da ka sani tun ina ɗaure wa almajiran Malam riguna a baya. Wa ya ba kura ajiyar nama?

Ka raba shi uku. Suna da kashewa da kunnawa, ka bar wa Baba Babba, ya rataya a wuya in yana so. Shigar da sabuwar waya, ka ba wani mai hankali, ga Sa'idu nan. Kira kuwa ka sake shi ga kowa, ba mabuɗi ba mai gadi.

Shekaranjiya Inna ta ji an ce Baba Babba ya tafi Rufa'a ta'aziyya. Ta yafa tobinta mai kyau, ta taka da ƙafar nan har bakin ɗakin. Sai ta ga takalmansa a ƙofa. Ta juyo, ta ce mini wai dama gidan Maijidda za ta. Gidan Maijidda ba ta nan yake ba, Yaya.

In ba ka zo ba, ni zan zo Damazin in zauna a bakin ofis ɗinku, kuma ka san bakina.

Naka,
Bilyaminu

Yayana na kaina,

Ina gaishe ka da gajiyar hanya, Allah ya saka da alheri. Ka hau bas kafin lajna ta zauna, to ga yadda aka ƙare.

Sun yarda da rabonka uku. Baba Babba ma ya ji daɗi, ashe zaman kujerar ya ishe shi, ya ce ya gaji da jin matan gari suna lissafa wa mazajensu ciwon baya. Sai aka zo kaina. Suka ce ko in tashi a masallaci in ce abin da na rubuta ƙarya ne, ko kuwa kowa a garin ya yi kira ban da ni. Na ce haƙuri zan iya ba Malam Gado, don ya isa ya haife ni, amma ba zan tsaya a ɗakin Allah in ce bai yi minshari ba. Shi kansa sai da ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Hukunci dai ya tabbata, ko jaki yanzu ya fi ni matsayi a na'urarka.

Lubna ta sauka lafiya, mace. Inna ta shiga ita kaɗai ta ja ƙofa da hannunta, ni ina gindin darbejiya ina korar yara. Ta daɗe har Sa'idu ya fara leƙe, na ce masa in ya matsa zan sa garin nan ya san sunan da matarsa take kiransa.

Duk gidanmu an ga jaririyar, ni kaɗai ne ban gani ba. Abin yana ci na, kada ka gaya wa kowa. Inna ta ce tana da faɗin baki irin nawa, kuma ba ta yi shiru ba tun da aka fara kiran. Ka gaya wa Lubna ta kula mini da ita sosai, don garin nan zai buƙaci magaji.

Ƙaninka marar mabuɗi,
Bilyaminu