Na Tafi Awon Sukari

Malam,

Na tafi asibiti awon sukari, ban ko karya ba, haka likita ya ce.

Na ji fatawarka jiya: wai ciki ne ya kawo ciwon, tunda na haifi Ikram an binne ciwon tare da mabiyiya. Madalla. Soja sun koma bariki, kowa ya samu bakin magana, kai ka samu likitanci.

Kokonka yana fulas. Katan ɗin lemon da ka sayo min don "ƙarin jini", ka kai wa 'yan jam'iyyarku.

Yaya Hajo ma haka mijinta ya hana ta awo. Ka leƙa unguwar Sheshe ka gaishe ta, amma ka faɗi sunanka, sukari ya ci idonta, ta daina gane fuska.

Sa'ida